Idon Tsoho da Idon Yaro: Yadda Ɓawon Ƙwaƙwalwa Ke Raba Filayensa



Zan buɗe wannan lacca da wata tambaya wadda ma'aikatan lafiya na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram sun sha karo da ita. Ku ɗauka an kawo mutum biyu daga garin Sara zuwa wurin likitan ido a rana guda. Na farko tsoho ne mai shekara 70, yana ta rufe masa idanu shekara biyar ke nan, sai an ja masa gora. Na biyu yaro ne ɗan shekara takwas, wanda aka haifa da yana a idon hagu. Likita ɗaya ya yi musu aiki iri ɗaya, ya cire yanar, aiki kuwa ya yi kyau. Kashegari aka kwance bandeji. Tsoho ya dubi jikokinsa ya kira su da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Yaro kuwa idonsa ya washe tas, haske na shiga har ciki, amma ba ya gani da shi sai dishi-dishi, kuma ko an ba shi tabarau ganin ba zai taɓa kamo na ɗaya idon ba.

To, me ya kawo haka, alhali kuwa idon yaro ya fi na tsoho sabunta? Amsar ba a cikin ido ta ke ba. Tana can a ƙeya, a cikin ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma kafin mu kai gare ta sai mun koma cikin mahaifa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci a kasuwar Sara ya ga an fasa kan rago, ya ga wannan ɓawo da idonsa. Shi ne shimfiɗar nan mai ruwan toka mai yawan lanƙwasa da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa ta waje. A wurin ɗan Adam kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma yana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 16, daga cikin miliyan dubu 86 da ke cikin ƙwaƙwalwa baki ɗaya, kuma a mafi yawan wurare hawa shida a ke samu a cikinsa. In ka dube shi da ido duk ɗaya ne. Amma fa a wajen aiki gari ne mai unguwanni, kowace da sana'arta.

Ta hanyar marasa lafiya aka fara gane haka. Cikin 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba ƙwaƙwalwar wani mutum wanda ya yi shekaru yana fahimtar magana amma ba ya iya furta kome sai gaɓa guda, ya tarar da rauni a gaban ɓarin hagu. Cikin 1874 Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin wannan, watau masu zuba zance marar ma'ana, ba sa kuma gane abin da a ke faɗa musu, su kuwa rauninsu yana baya kaɗan, wajen saman kunne. Cikin 1909 Korbinian Brodmann ya yanka ɓawon siriri-siriri, ya duba tsarin ƙwayoyinsa a madubin likita, ya raba shi yankuna wajen 50 ya sa musu lamba, har yau likitoci na amfani da lambobinsa. Masu bincike na 2016 da suka yi aiki da na'urar hoton ƙwaƙwalwa sun ƙirga yanki 180 a kowane ɓari. A taƙaice dai, gani na ƙeya, ji na gefe, jin taɓi da motsa jiki suna maƙwabtaka a tsakiyar kai, shiri da kame kai kuwa suna bayan goshi. Wanda ya zana shanun nan a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu, ko wane ne shi, da ƙeyarsa ya ga saniyar, da tsakiyar kansa ya bi da hannunsa, kuma tsarin nan nasa shi ne namu ba bambanci.

Abin tambaya shi ne, wa ya yi wannan rabo? Mutum ba ya tashi da yankin gani a goshi, ɗan'uwansa kuma a ƙeya. Lalle akwai wani safiyo da ke auna filayen.

Farkon al'amarin ƙanƙane ne ƙwarai. A mako na uku bayan shigar ciki, wata 'yar shimfiɗa a bayan ɗan tayi takan naɗe ta zama bututu, wanda ke rufewa kafin kwana 28, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Gaban bututun nan shi ke kumbura ya zama ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin jijiya ba a inda za su zauna a ke haifarsu ba. Can ciki a ke haifarsu, a bakin kogon ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, sa'an nan su yi ƙaura zuwa waje. Cikin 1972 Pasko Rakic ya nuna yadda su ke wannan tafiya: akwai waɗansu dogayen zaruruwa da suka miƙe daga ciki zuwa waje, sabuwar ƙwaya sai ta kama zare ta hau, kamar yadda wake ke hawa karan dawa. Waɗanda suka fara isa su ne ke zama hawa na ƙasa, 'yan baya kuma su ratsa su, su zauna a bisansu, har hawa shida su cika. Mafi yawan wannan ƙaura ta kan auku ne tsakanin wata na uku da na biyar na ciki.

A nan ne masana suka rabu biyu. Cikin 1988 shi Rakic ɗin ya ce taswirar na nan tun a wurin haihuwar ƙwayoyin, watau kowace ƙwaya ta san unguwarta kafin ta kama zare. Cikin 1989 Dennis O'Leary ya ce a'a, ɓawon fili ne fetal da farko, saƙonnin da ke shigowa daga ido da kunne da fata su ne ke mayar da wannan wuri na gani, wancan na ji. Gardamar ta yi amfani, domin kowane ɓangare ya shiga neman hujja, kuma kowanne ya samu.

Bari mu fara da hujjar masu cewa daga ciki ne. Ina son ku tuna da mai tsire in ya hura tukuba a bakin kasuwa. Ko an ɗaure maka ido, ƙarfin ƙamshi zai gaya maka ko kana kusa ko kana nesa. To, haka ƙwayoyin ɗan tayi ke sanin inda su ke. Akwai wani ɗan wuri a gaban ƙwaƙwalwa da ke fitar da wani sinadari mai suna FGF8. Yana da yawa a gaba, yana raguwa in an nufi baya. Gwargwadon abin da ƙwaya ta samu, gwargwadon ƙwayoyin gadon da za ta kunna. Biyu daga cikin waɗannan sun shahara: Pax6 ya fi ƙarfi a gaba, Emx2 ya fi ƙarfi a baya. Cikin 2000 aka nuna a jikin ɓeraye cewa in an kashe Emx2 filin gani ya kan tsuke, filayen gaba su faɗaɗa, in kuwa Pax6 aka kashe sai a ga akasin haka. Iyakoki ne ke gusawa, kamar gonaki biyu da aka matsar da jan kunnen da ke tsakaninsu.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 2001. Ku san cewa ɓera da gashin bakinsa ya ke lalube cikin duhu, kuma tun 1970 Thomas Woolsey da Hendrik Van der Loos sun gano cewa kowane gashi guda yana da ɗan ɗakinsa a ɓawon ƙwaƙwalwa, a jere layi-layi kamar yadda gashin ya ke a fuska. Wannan ya ba masu bincike alamar da za su iya gani da ido. Sai Tomomi Fukuchi-Shimogori da Elizabeth Grove, a Jami'ar Shikago, suka sa wa ɗan tayin ɓera FGF8 na biyu a baya, inda bai kamata a same shi ba. Da aka haifi ɓeran, sai ga ɗakunan gashin baki a wuri biyu, na biyun a juye kamar hoton madubi. An hura tukuba ta biyu, ƙwayoyi kuwa suka bi ƙamshi.

Da a nan aka tsaya, da sai mu ce magana ta ƙare, kome a rubuce ya ke tun cikin mahaifa. Amma masu cewa daga waje ne su ma ba hannu rabbana suka zo ba.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani zango da a ke kira talamus. Duk saƙon da ya taso daga ido ko kunne ko fata sai ya yada zango a nan kafin ya hau zuwa ɓawo. A wurin ɗan Adam, zaruruwan da ke tasowa daga wannan zango sukan iso ƙarƙashin ɓawo su yi makonni suna jira, sa'an nan su kutsa ciki wajen wata na shida na ciki. Daga lokacin nan ɓawo ya fara samun labarin duniya, kuma labarin yana sāke shi. Cikin 1973 Van der Loos da Woolsey suka lalata tushen layi guda na gashin bakin ɓera ranar haihuwa, sai ɗakunan wannan layi suka ƙi fitowa, na maƙwabta suka cinye wurin. Cikin 1991 Bradley Schlaggar da O'Leary suka ɗebo ɗan yanki daga inda zai zama filin gani na ɗan tayin ɓera, suka dasa shi a filin taɓi na jariri, sai yankin ya yi ɗakunan gashin baki, abin da ba a taɓa gani a filin gani ba. Daɗin daɗawa, tun daga 1988 Mriganka Sur da abokan aikinsa a Amurka suka yi ta karkatar da jijiyar ido ta jariran wata dabba mai kama da tunku, a ke ce mata feret, zuwa hanyar kunne. Filin ji ya karɓi saƙon ido, ya tsara kansa kusan yadda filin gani ke yi, kuma cikin 2000 suka nuna cewa dabbar tana ɗaukar abin a matsayin gani, ba ji ba.

Saboda haka, a ganina duka biyu sun yi gaskiya, sai dai kowa rabinta ya riƙe. Ma'aikatan ofishin filaye da ke cikin wannan zaure za su fi kowa ganewa. Safiyo ya kan auna ya kafa duwatsu, ya ce nan kasuwa, nan makaranta, nan gidaje. Wannan shi ne aikin ƙwayoyin gado. Amma filoti ba ya zama unguwa sai an tare a cikinsa, kuma wanda ya bar nasa kango shekara da shekaru, wata rana zai zo ya tarar maƙwabci ya ja katanga. Bambancin kawai shi ne, a ƙwaƙwalwa ba kotun da za a kai ƙara.

Yanzu sai mu koma ga yaronmu na Sara. Cikin 1963 David Hubel da Torsten Wiesel suka rufe ido ɗaya na 'yan kyanwa tun suna jarirai, bayan 'yan watanni suka buɗe. Idon lafiyarsa lau, amma kusan dukan ƙwayoyin filin gani sun koma sauraron ɗaya idon. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba su kyautar Nobel cikin 1981. Tsohonmu babbar kyanwa ce: ya gina filin ganinsa tun yana goye, shekara 65 yana amfani da shi, yana ta zo ta rufe taga kawai, da aka buɗe ya tarar da ɗakinsa yadda ya bar shi. Yaro kuwa a watannin da a ke rabon fili idon hagunsa bai aiko da kome ba, na dama ya gaje rabonsa. Shi ya sa likitocin ido ke son a cire yana mai kauri ta ido ɗaya kafin jariri ya wuce mako shida da haihuwa, in kuwa ido biyu ne kada a wuce wata biyu da 'yan kwanaki. Ku lura, makonni a ke ƙirgawa. Mu kuwa al'adarmu ita ce a ce a bari yaro ya yi ƙwari tukuna. Ban ga laifin uwa ba in ta ji tsoron a sa wa ɗan kwana arba'in wuƙa a ido, tsoro ne na ƙauna. Laifin yana kanmu mu da muka san dalili ba mu gaya mata ba.

Kada kuma in wuce gona da iri. Wani shiri da Pawan Sinha ya kafa a Indiya, mai suna Prakash, ya yi wa yara da yawa da aka haifa da yana a ido biyu aiki bayan sun girma, kuma sun sami gani mai amfani, suna gane abubuwa suna yawo da kansu, ko da ya ke kaifin ganin bai kai na sauran mutane ba. Watau in an makara ma a kai yaro. Ƙofar ba garam ta ke rufewa ba, a hankali ta ke turuwa.

Filin da ido bai tare ba kuwa ba ya zama banza. Cikin 1996 Norihiro Sadato da abokansa suka nuna cewa makafi tun ƙuruciya, sa'ad da su ke karanta rubutun makafi da yatsa, filin ganinsu ne ke aiki. Yatsa ya gaji gonar ido.

Haka al'amarin ya ke a wajen ji, har ma ya fi tsanani, domin harshe a kan ji ya ke hawa. Cikin 1984 Janet Werker da Richard Tees suka gwada jariran Kanada waɗanda Turanci kaɗai su ke ji a gida. Suna 'yan wata shida zuwa takwas suna iya bambanta waɗansu sautuka na baƙin harsuna, ciki har da biyu masu kama da ƙ ɗinmu. Kafin su cika shekara sun daina. Ga dalilin da ya sa Bature zai yi shekara ashirin a ƙasar Hausa yana ce wa ƙasa kasa, alhali ɗan goyo a Gwaram, tun bai ce baba ba, kunnensa ya riga ya ware ɓ da b, da ɗ da d. Hirar da uwa ke yi wa ɗanta a baya tana daka, wadda wasu ke ɗauka surutun banza, ita ce ke tare filin ji.

Ba kowane fili ne ke da wa'adi irin wannan ba. Karatu sabon abu ne a tarihin ɗan Adam, ba shi da filoti a taswirar asali. Duk da haka, Stanislas Dehaene da Laurent Cohen sun nuna cewa duk wanda ya koyi karatu, ko da wane irin baƙi, wani ɗan wuri a ƙasan ɓarin hagu, kusa da inda a ke gane fuskoki, shi ke komawa wurin gane haruffa. Cikin 2010 suka gwada mutanen Brazil da Fotugal waɗanda ba su koyi karatu ba sai da suka manyanta, suka tarar su ma wurin ya samu. Ashe dattawan da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950 ba wahalar banza suka yi ba. Karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi gaskiya ce ga gani da ji, amma kada a fake da ita a hana babba alli. Yankin bayan goshi ma ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20, abin da ya kamata shugabannin makarantun kwana su riƙa tunawa.

To, waɗanne abubuwa ne ke ɓata wannan rabo a ƙasarmu? Waɗansu tun a ciki su ke aukuwa. Rufewar bututu na bukatar folik asid, kuma tun da kafin kwana 28 a ke gamawa, wadda ta fara zuwa awo da cikin wata biyar ta sami sauran amfanin ƙwayar, amma wancan ya wuce ta. Ƙaurar ƙwayoyi na bukatar ruwan da ƙullin wuya ke fitarwa, shi kuwa sai da aidin, kuma a rabin farko na ciki ɗan tayi da na uwarsa ya dogara. Maƙoƙon uwa alama ce ta wannan rashi. Tun farkon shekarun 1990 doka ta tilasta sa aidin a gishirin Nijeriya, amma gishirin da aka baje a faranti cikin rana da laima aidin ɗinsa ya kan ragu. Akwai kuma dalma, wadda ba ta da gwargwadon da ya ke lafiya ga yaro. Mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara cikin 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu, kuma dutsen kwalli irin na gargajiya da a ke ranɓaɗa wa jarirai ma'adinin dalma ne. Sai yunwa: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya tarar fiye da shida cikin goma na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a jihar da ke noman riɗi da gyaɗa da wake.

Waɗansu kuma hanya su ke tsarewa, su bar fili ba mai tarewa. Yana da harara-garke suna tsare ta ido. Shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau, suna tsare ta kunne. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, mafi yawa a nan Arewa, ta kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai yaran da suka tashi ba ji. Yaron da ya kurmance yana ɗan wata takwas, in ba a gane ba sai ranar da aka kai shi aji ɗaya, ya yi asarar shekarun da a ke kafa harshe. Ƙa'idar da likitocin kunne ke bi ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. In na'urar ji ba ta samu ba, maganar hannu harshe ce cikakkiya, filayen nan na Broca da Wernicke suna karɓarta kamar yadda su ke karɓar Hausa, muddin an fara da wuri.

Ga ma'aikata, abin da wannan ke nufi bai kai tsadar da a ke zato ba. Jariran Sara suna zuwa ɗakin shan magani domin allurar rigakafi a makon haihuwa, su dawo a mako na 6, da na 10, da na 14. Ranakun nan sun faɗo daidai cikin wa'adin da na ambata. Ma'aikaciyar da ke riƙe da allura tana iya haska tocila ta dubi tsakiyar baƙin ido. In ta ga fari a wurin, ko yana ce ko kuwa ciwon daji na ido, duka biyu ba sa jira. Tana iya tambayar uwa ko yaro na firgita in ƙofa ta bugu, ko yana bin fuskarta da ido, ko ido ɗaya na karkacewa bayan ya wuce wata huɗu. In ta ga abin shakka, ta rubuta takarda a ranar zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, daga can in ya kama a wuce asibitocin ido na Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A kan takardar kuma ta rubuta shekarun yaro da makonni, ta ja layi a ƙarƙashi, domin magatakardan da zai ba da ranar ganin likita ya san cewa wata uku a layin jira ba ɗaya ba ne ga tsoho da jariri.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a yi tambayoyi.